Zakaran da Dogara Ya Ƙi Yankawa

A wani ƙauye da ke gindin dutse, akwai wani manomi ana ce da shi Dogara. Gonarsa ba ta da wani girma, dawarsa ma da kyar take kai su damina, amma in ana maganar kaji, duk ƙauyen babu mai ja da shi. Ya gaji kajin ne daga wurin mahaifinsa. A cikinsu akwai wani jan zakara da aka ƙyanƙyashe a shekarar da tsohon ya rasu, dogo, mai faɗin ƙirji, wanda in ya hau danga ya yi cara sai an ji shi har bakin rafi. Dogara yana son zakaran nan, so irin wanda bai kamata mutum ya yi wa abin da ake kiwo don tukunya ba. Da hannunsa yake ba shi tsaba. In baƙo ya zo gidan, kafin a kawo masa ruwan sha an riga an nuna masa zakara.

Mutanen ƙauyen suna da wata al'ada da suka tarar ana yi. Kowace shekara, in an gama girbi an kai baikon godiya majami'a, sai kowane maigida ya rungumi zakaransa ya kai gidan wani, ya karɓo na can. Ba a biyan kowa komai, musaya ce kawai. Da yawansu ba su ma san dalilin ba, suna dai yi. Dogara kuwa da ya dubi jan zakaransa, ya dubi na maƙwabta, wani gajere, wani wuya a tuje, sai ya ce shi kam ba da shi ba. Ya ƙara wa dangarsa tsawo, ya toshe duk wata kafa. In baƙon zakara ya leƙo, sai ya bi shi da jifa. Haka shekaru suka yi ta wucewa, jan zakara yana bin 'ya'yansa, ya koma yana bin jikokinsa, babu wani jini da ya shigo akurkin nan daga waje.

Matar Dogara sunanta Keziya. Sun daɗe da aure ba su samu haihuwa ba, har matan zumuntar majami'a sun gaji da kai sunanta cikin addu'a, ko da yake ba su daina ba. Sai ga shi wata shekara Allah ya ba ta ciki. Dogara ya rasa inda zai sa kansa don murna, ya hana ta daka, ya hana ta zuwa rafi.

Wata safiya, lokacin cikin ya riga ya fito, ya tono gara ya zubo a kasko don ya ba sababbin 'yan tsaki, gama wata farar kaza ta gama kwanci. Ya buɗe akurki, ya ɗaga kazar. Abin da ya gani ya sa kaskon ya suɓuce masa. Wani tsako bakinsa ya harɗe, na sama ya nufi dama, na ƙasa ya nufi hagu. Wani ƙafafunsa sun baje, yana ta jan ciki a ƙasa. Wani kuma inda ido ya kamata ya kasance babu komai, fata ce kawai a shafe. Sauran lafiyarsu lau, suna ta kuka suna neman abinci.

Nan take wata tsohuwar magana ta faɗo masa a rai. Mutanen dā, tun kafin bishara ta shigo ƙauyen, sun yi imani cewa in masifa za ta shiga gida, da dabbobi take farawa, daga nan ta wuce ɗakin mutane. Dogara an yi masa baftisma, yana ma cikin mawaƙan majami'a, kuma da ka tambaye shi jiya da ya ce maka wannan zancen jahilci ne. Amma yau da ya ɗaga kai ya hango Keziya a ƙofar ɗaki tana tankaɗe, ciki a gaba, sai maganar ta dawo masa sabuwa. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron kada ɗan da suka daɗe suna jira ya zo duniya kamar waɗannan.

Ya kwashe nakasassun 'yan tsakin a cikin hularsa, ya zaga bayan rumbu, ya tona rami ya rufe. Da ya fito Keziya ta tambaye shi.

"Maigida, ta ƙyanƙyashe da yawa?"

"Kaɗan ne. Sauran baragurbi."

"Ikon Allah! Duk ƙwan nan da ta tara?"

"Na ce miki baragurbi ne. Kuma kada in ƙara ganinki kusa da akurki, warinsa ba shi da kyau ga mai ciki."

Ya zauna ya yi tunani, ya ce lalle farar kazar nan ce ta jawo abin. Kafin rana ta take ya sa mata wuƙa. Keziya ta yi mamakin ganin nama ba biki ba baƙo, amma ta ci, ta ma yi masa godiya. Shi kuwa ko romon bai iya sha ba.

Ba a daɗe ba wata kaza ta ƙyanƙyashe, wannan karon abin ya fi na farko muni. Akwai wanda wuyansa ya murɗe baya, yana kallon sama, yana ta juyawa wuri ɗaya. Akwai masu harɗaɗɗen baki fiye da ɗaya. Dogara ya ware guda, ya ɓoye shi a cikin tsohuwar tukunya, ya ce bari ya gani ko zai miƙe. Ya zuba masa tsaki da gara. Tsakon ya yi ta sara, abincin yana zamewa ta gefen baki, ya sara, ya zame, har ya mutu da yunwa a kan abinci. Dogara ya daɗe tsugune yana kallonsa, abin da yake gani a ransa kuwa jariri ne da ya kasa kama nono.

Ya yanka uwarsu ita ma. Ya cinna wa tsohon akurki wuta, ya gina sabo. Ya barbaɗa toka, ya jiƙa ɓawon maɗaci a ruwan shansu. Duk kazar da ta fitar da nakasasshe, wuƙa. Mutum ne da bai yi ƙyuya ba, wannan kam ba za a zarge shi da ita ba. Sai dai duk cikin kai-kawon nan, kullum safe sai ya tsaya ya ba jan zakara tsaba a tafin hannu, ya shafa bayansa, ko sau ɗaya bai taɓa kawo shi cikin zargi ba.

Ya rame, idanunsa suka faɗa. Ranar Lahadi in an tashi waƙa, bakinsa ne kawai ke motsi. Da fasto ya tare shi a ƙofar majami'a ya tambaye shi ko lafiya, sai ya ce lafiya lau, aikin gona ne. Wata rana matan zumunta suka kawo wa Keziya 'yar hula da 'yar safa da suka saƙa wa jariri. Ta miƙa masa tana murmushi, shi kuwa da ya ga safar nan ya tuna ƙafafun da ya binne, sai ya fita da sauri kamar an kira shi a waje. Har hanyar gidan boka ya kama wani yammaci. Ya juyo ne a tsakiyar hanya, ba don bangaskiya ba, sai don ya hango wasu 'yan majami'a suna dawowa daga gona.

Da haihuwa ta matso, gwaggonsa ta zo daga wani ƙauye don ta zauna da Keziya, gama iyayen Keziya sun rasu. Sunanta Kyauta, ƙanwar mahaifin Dogara ce, a gidan nan ta girma. Tun da ta ajiye kayanta take bin tsakar gidan da kallo. Gidan da ta sani cike da kaji, yau ga 'yan kaji ƙalilan, ga fuka-fukai a juji. Sai wata rana da ta zaga bayan rumbu tsinkar lalo, ƙafarta ta nutse cikin ƙasa mai laushi. Ta sa kara ta tona, ta ga abin da ta gani, ta tona gaba kaɗan, ta ƙara gani.

Ta same shi a gindin bishiya, ta zauna kusa da shi don kada Keziya ta ji.

"Dogara, maƙabartar da ka buɗe a bayan rumbu fa, ta su wa ce?"

Ya buɗe baki zai yi mata irin ƙaryar da ya saba, sai hawaye suka riga maganar fitowa. Ya gaya mata duka, daga farar kaza har zuwa hanyar gidan boka.

"Gwaggo, ɗaki abin nan ya nufa. Na yi duk abin da zan iya, ya ƙi tsayawa. Ina tsoron ranar da za ki fito ki ce in zo in gani."

"Yaushe rabonka da musayar zakara?"

"Tun rasuwar Baba."

Ta kama haɓa. Sa'an nan ta ce ya kamo mata jan zakara. Ya kamo shi, yana riƙe da shi a hankali kamar ƙwai. Ta juya kan zakaran wajen haske, ta ce ya duba bakin da kyau. Dogara ya duba. Bakin ƙasa ya ɗan kauce gefe, kaucewa 'yar kaɗan, wadda in ba an nuna maka ba ba za ka lura ba. Shekara da shekaru bakin nan yana ci a tafin hannunsa, bai taɓa gani ba.

"Wannan abu ya daɗe a cikin kajin gidan nan, tun ina yarinya," in ji gwaggo. "Ubanka ya san da shi. Shi ya sa bai taɓa barin zakaran gida ya shekara biyu a kan kajin gida ba. In jini ya gauraya da na waje, abin sai ya kwanta. Kai kuwa ka rufe ƙofa, ka bar uba da 'ya'yansa da jikokinsa, abin ya haɗu da ɗan'uwansa ya fito fili. Babu wanda ya yi maka sammu, ba kuma wata masifa ce ta nufi ɗaki ba. Cikin matarka yana hannun Allah. Kajin da ka yi ta yankawa, a banza ka yanka su."

Ta shiga madafa ta ɗauko wuƙa ta miƙa masa.

"Ga mai abin nan a hannunka. Yanka shi, gobe ka je ka roƙi zakara a gidan maƙwabta."

Dogara ya take fuka-fukan zakaran da ƙafa, ya kama kansa, ya ɗora wuƙa. Ya tuna carar nan da ake ji har rafi. Ya tuna yadda zai shiga gidan mutanen da ya jefi zakarunsu, ya rusuna, ya ce a taimaka masa da mai tujajjen wuya. Sai ya ɗaga ƙafa. Zakara ya tashi, ya karkaɗe jiki, ya tafi abinsa.

"Bari a sauka lafiya tukuna, Gwaggo. Ranar suna sai in yanka shi."

Keziya ta sauka da hantsi, ranar wata kasuwa. Dogara yana ta kai-kawo a bayan ɗaki, gama duk da maganar gwaggo tsoron bai sake shi ba. Da aka miƙo masa jaririyar, bai ma tambayi mace ce ko namiji ba. Baki ya fara dubawa, sa'an nan idanu, sa'an nan ya warware zanen ya duba ƙafafu. Komai daidai, babu inda ya kauce. Ya durƙusa a ƙasa ya yi kuka, ya gode wa Allah da babbar murya. Aka sa mata suna Godiya.

Ranar suna kuwa bunsuru ya yanka. Tsoro ya riga ya tafi, ya kuma tafi da alkawarin. Da gwaggo ta ɗaure kayanta za ta koma gida, ta tsaya a ƙofa.

"Zakaran fa?"

"Sai kaka, Gwaggo, in an zo musaya."

Kaka ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Da jan zakara ya tsufa ya mutu, Dogara ya tsayar da ɗansa a madadinsa, don ya yi kama da shi. Ƙwai ya riƙa mutuwa tun a cikin ɓawo, kajin suka yi ta raguwa har akurki ya koma wurin ajiye itace. Dogara bai damu ƙwarai ba. Yakan ce ai abin da ya ji wa tsoro bai faru ba, ga 'yarsa tana gudu a tsakar gida.

Wata rana, lokacin Godiya ta iya magana sosai, yana zaune a rumfa yana gyara ƙotar fartanya. Keziya ta ajiye ƙwaryar man gyaɗa a kan katanga ta shiga ɗaki. Yana kallo yarinyar ta jawo kujera, ta hau, ta tsoma yatsa, ƙwaryar ta faɗo ta fashe. Keziya ta fito da gudu.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Godiya ba ta yi ko ɗar ba. Ta ɗaga ɗan hannunta ta nuna karen gidan, wanda yake kwance a inuwa yana barci.

"Shi ne, Mama. Na gan shi."

Keziya ta ɗauki muciya ta bi kare da duka, kare yana ihu yana neman hanyar fita. Yarinyar tana tsaye tana kallo, idonta a bushe, tana lasar yatsa. Dogara ya ajiye ƙotar. Ya bincika a ransa ko wa ya koya mata wannan, bai samu kowa ba. Ba ta taɓa ganin abin da shi ya yi wa kaji ba, ba a ma haife ta ba a lokacin. Ga baki daidai, ga idanu daidai, ga ƙafafu daidai, amma abin da yake cikinsa yana cikinta. Tsoron da ya ji a ranar nan ya fi na dā, domin wannan karon babu wanda zai zo ya ce masa camfi ne.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Tun da farko kada wani ya tashi daga nan ya ce nakasar jiki alamar zunubi ce ko la'ana. Gwaggo ta faɗi gaskiya, wannan tsoron banza ne. Yaron da aka haifa da gurguwar ƙafa ko makanta halittar Allah ne, ƙaunatacce, bai fi kowa laifi ba, iyayensa ma haka. Karkatar da ake magana a nan ba a jiki take ba, a zuciya take, kuma babu wanda ya tsira daga gare ta a cikinmu.

Jan zakaran nan shi ne tsohon halinmu, wanda muka gada tun daga kakanmu Adamu. Yana da kyan gani, muna alfahari da shi, muna ciyar da shi da hannunmu kullum, ba ma ganin inda ya kauce. 'Yan tsakin su ne ayyukan da yake haifarwa: ƙarya, fushi, hassada, girman kai. In sun fito fili sai mu kai su bayan rumbu mu rufe, mu zo majami'a mu ce lafiya lau. Kajin da aka yanka a banza kuwa, su ne mutanen da muke ɗora wa laifinmu. Maigida ya ce matarsa ce ta sa shi fushi, matar ta ce yara ne, yara su ce abokai ne. Muna canja akurki, muna barbaɗa toka, tushen abin yana nan yana cara a kan danga.

Ku iyaye, kuna duba lafiyar jikin 'ya'yanku, kuna da gaskiya. Amma akwai gādon da kuka ba su wanda ba a gani ranar haihuwa, kuma ba za ku iya cire shi da bulala ba, gama daga jikinku ya fito. Ku kuma yara, kada ku yi wa Godiya dariya. Kowannenku ya san ranar da ya nuna wani alhali shi ne ya yi.

Maganin bai canja ba, shi ne wanda gwaggo ta faɗa. Dole tsohon ya mutu, sabon rai ya shigo daga waje, domin abin da ke cikin gida ba zai iya gyara kansa ba. Wannan sabon rai Allah ya riga ya bayar ta wurin Yesu Almasihu, wanda babu karkata a cikinsa, ya kuma bayar kyauta. Abin da ya rage shi ne mutum ya sauke girman kai, ya furta abin da ya binne, ya roƙa.

Dogara ya ji gaskiya, ya gane ta, har wuƙa ya riƙe. Abin da ya cuce shi kawai shi ne ya jira tsoro ya wuce. In akwai wanda gabansa ya faɗi yanzu da yake jin wannan, kada ya ce sai wani lokaci. Tsoron nan zai wuce, wataƙila tun kafin ku isa gida a zuba muku tuwon rana. Saboda haka kada kowa ya tashi tukuna, mu sunkuyar da kai mu yi addu'a tun yana nan.